Kanel ɗina ya yi tsit bayan "Starting kernel": me zan kunna, me zan kashe?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Marwa. Kawuna yana da rijiyar burtsatse a gonarsa ta albasa, famfon sola ne ke jawo ruwan. Na sayi ƙaramin bod ɗin kwamfuta mai suna Orange Pi One, ina so in ajiye shi can ya riƙa karanta aikin famfon yana turo mini ta intanet. Da Armbian, wato Linux ɗin da aka riga aka haɗa don irin waɗannan bod, yana tashi lafiya lau, ina ganin komai a talabijin ɗin da na jona masa. Sai na ce bari in gina kanel ɗina na Linux, ɗan ƙarami, babu tarkace. Na shiga menuconfig, inda ake zaɓar abin da zai shiga kanel, na yi ta kashe abubuwa. Yanzu sai ya rubuta 'Starting kernel ...' ya yi tsit. Da na mayar da wasu kuma sai ya koma cewa 'Unable to mount root fs'. Don Allah waɗanne zaɓuɓɓuka ne dole, waɗanne zan kashe?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya yi wa wannan niyya albarka, ya kuma sa kawu ya ga amfaninta. Tambayarka biyu ce a cikin ɗaya. Ta farko, me ya sa bod ɗin ya yi shiru. Ta biyu, wadda ta fi girma, da wane ma'auni ake zaɓen abin da zai shiga kanel. Kai ka ɗauki ƙanƙanta ta zama ma'auninka. Ni kuwa, a shekarun da na yi ina kafa irin waɗannan ƙananan na'urori a nan Garwa da ƙauyukan kewaye, abin da na fi dubawa shi ne wurin da na'urar za ta zauna: zafinsa, wutarsa, da nisan da ke tsakaninta da mai gyara. Bari mu fara tayar da bod ɗin tukuna, sannan mu koma gonar.

Abin da kake taɓawa idan ka shiga menuconfig

Kanel shi ne zuciyar Linux, shi ke tsaye tsakanin manhajojinka da ƙarfen na'ura. Tun da Linus Torvalds ya fara shi a 1991 yake ta faɗaɗa, har ya zama tushe ɗaya ne ake ginawa don kwamfutar tebur, wayar hannu da ƙaramin bod irin naka. Idan ka leƙa babban fayil mai suna arch a cikin tushen za ka ga arm, arm64, mips, riscv, x86 da sauransu, kowane gidan firosesa da ɗakinsa. Zaɓuɓɓukan da ke ciki dubbai ne, kuma duk abin da ka zaɓa yana zuwa ya kwanta a fayil guda mai suna .config. A yawancinsu zaɓin ɗayan uku ne: y, wato a ɗinke shi a jikin kanel; m, wato a gina shi daban a matsayin modul, a ajiye a katin memori sai an buƙace shi; ko kuma a bar shi gaba ɗaya. Ka riƙe bambancin y da m da kyau, don a nan matsalarka ta biyu take.

Bod ɗinka yana ɗauke da Allwinner H3, mai ƙwaƙwalwa huɗu irin Cortex-A7, na gidan ARM mai bit 32, da RAM megabait 512 a yawancin waɗanda ke kasuwa. Inda ya bambanta da kwamfutar tebur shi ne, ita kwamfuta tana iya gaya wa kanel abin da ke jikinta. Bod ba ya iyawa. Sai an ba kanel taswira, ɗan fayil mai ƙarewa da .dtb, wanda ke cewa ga inda katin memori yake, ga ƙafafun da siriyal ke bi, wato layin da bod ke turo rubutu ta waya zuwa kwamfuta, ga abin da ke ba firosesa wuta. Taka ita ce sun8i-h3-orangepi-one.dtb, kuma daga Linux 6.5 zuwa sama tana cikin arch/arm/boot/dts/allwinner. Taswira tana faɗin abin da ke akwai ne kawai. Idan ta ambaci wani abu amma ka kashe direbansa, wato manhajar da ke sarrafa shi, a .config, kanel zai wuce shi kamar bai gani ba, kuma sau da yawa ko ƙorafi ba zai yi ba.

Waya guda da tushe mai tashi

Ka ce a talabijin kake kallo. To akwai yiwuwar kanel ɗinka bai mutu ba ko kaɗan a karon farko. Kalmomin "Starting kernel ..." ba kanel ne ke rubuta su ba, U-Boot ne, manhajar da ke ɗora kanel a RAM ta miƙa masa ragama. Su ne maganarta ta ƙarshe. Daga nan idan ka kashe direban hoto, irin su CONFIG_DRM_SUN4I da CONFIG_DRM_SUN8I_DW_HDMI da CONFIG_FRAMEBUFFER_CONSOLE, kanel zai ci gaba da tafiyarsa amma ba shi da bakin da zai yi magana da talabijin. Ganin cewa da ka mayar da wasu abubuwa sai wani saƙo ya fito, ya ƙara mini wannan zato.

Saboda haka kafin ka sake taɓa menuconfig, ka nemi ɗan adaftan USB zuwa siriyal mai aiki da bolt 3.3, irin masu CH340 ko CP2102. Masu sayar da kayan lantarki na ɗalibai suna kawo su, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. A jikin bod akwai ƙafafu uku a jere, GND da RX da TX. Ka haɗa GND da GND, TX na adafta ya tafi RX na bod, RX ya tafi TX. Wayar wuta ta adaftan kada ka jona ta ko'ina. Ka buɗe manhajar karanta siriyal, picocom ko minicom, a kwamfutarka a gudun 115200. Gani ya kori ji. Ni ba na gina kanel ga kowane bod sai da wannan waya a jone, ko da aikin na minti biyar ne.

Sai saitin da za ka fara da shi. Kada ka fara daga wofi, kada kuma ka fara daga .config na Armbian kana sara. Masu kula da Linux sun ajiye saiti na musamman don dangin Allwinner, sunansa sunxi_defconfig. A kwamfutarka ka fara da export ARCH=arm da export CROSS_COMPILE=arm-linux-gnueabihf- sannan make sunxi_defconfig, sannan make zImage dtbs modules. Layin ARCH ɗin nan ba ado ba ne. Idan ka buɗe sabuwar taga ka manta da shi ka kira make menuconfig, zai ɗauka kwamfutarka kake gina wa, ya sake rubuta .config da zaɓuɓɓukan x86, na ARM su zube ba tare da ka lura ba. Ɗalibai da yawa da suka kawo mini irin kukanka, a nan aka samo bakin zaren. Game da wane Linux za ka ɗauka, ka tsaya kan waɗanda ake kulawa da su na dogon lokaci, kamar 6.6 ko 6.12. Tushen ya haura megabait 100, ka sauke sau ɗaya inda data ke da sauƙi ka adana.

Ka gina shi yadda yake, ba ka canza ko harafi ba, ka tabbatar ya tashi. Kuma kada ka goge kanel ɗin Armbian. Ka ajiye naka a gefensa da wani suna, ka dakatar da U-Boot ta wayar siriyal, ka ɗora naka da taswirarsa da umarnin load, ka tashe shi da bootz. In ya ƙi, ka cire wuta ka mayar, tsohon ya dawo.

Idan shirun na gaske ne

Idan ta siriyal ma shiru ne, ga abin da nake bi, daga wanda ya fi yawan faruwa. Layin umarnin kanel, wato kalmomin da U-Boot ke miƙa masa wajen tashi, dole ya ƙunshi console=ttyS0,115200. Direban siriyal dole ya zama y: CONFIG_SERIAL_8250, CONFIG_SERIAL_8250_CONSOLE, da CONFIG_SERIAL_8250_DW, wanda shi ne ya dace da siriyal ɗin H3. Wannan na ukun shi aka fi kashewa, don sunansa bai nuna yana da alaƙa da Allwinner ba. Sai CONFIG_ARCH_SUNXI da CONFIG_MACH_SUN8I, waɗanda ke jawo direbobin agogon ciki da na ƙafafun bod. Sai taswira: ka tabbatar ta wannan bod ce, kuma daga ginin da ka yi yanzu ta fito. Ka ƙara kalmar earlycon a layin umarni, za ta sa kanel ya fara magana tun kafin direban siriyal ya gama shiri. In duk wannan bai ba ka ko harafi ba, sai CONFIG_DEBUG_LL tare da CONFIG_DEBUG_SUNXI_UART0 da CONFIG_EARLY_PRINTK, da kalmar earlyprintk a layin umarni. Wannan na bincike ne kawai, ka cire shi idan ka gama.

Mabuɗin da aka kulle a cikin ɗaki

Saƙonka na biyu labari ne mai daɗi, domin yana nufin kanel ya tashi, ya yi nisa, sai dai ya kasa buɗe katin memori inda sauran tsarin yake. Ka tuna m tana nufin an ajiye direba a kan katin. To idan direban karanta katin shi kansa m ne, ka kulle mabuɗi a cikin ɗakin da kake son buɗewa ke nan. Duk abin da ake buƙata don isa ga katin dole ya zama y: CONFIG_MMC, CONFIG_MMC_BLOCK, CONFIG_MMC_SUNXI, da CONFIG_EXT4_FS in tsarin fayilolin katin ext4 ne. Akwai kuma ɗaya da ke ɓuya, CONFIG_REGULATOR_FIXED_VOLTAGE. Taswira ta ce katin yana shan wuta daga layin bolt 3.3, kuma direban katin zai zauna yana jiran wannan layi ya bayyana. In ka kashe shi, jiran ba zai ƙare ba.

Za ka ce to ai Armbian na tashi. Tana tashi ne saboda U-Boot na ɗora mata wani ƙaramin tsarin wucin gadi a RAM tare da kanel, shi ne fayil ɗin uInitrd, kuma shi ke nemo katin ta lambar shaidarsa, UUID. Kanel shi kaɗai bai san root=UUID= ba. Abin da ya sani shi ne root=/dev/mmcblk0p1 ko root=PARTUUID=. Don haka idan ka tashi da kanel ɗinka ba tare da uInitrd ba amma ka bar tsohon layin umarni, wannan saƙon za ka gani ko da direbobinka duk daidai suke. Ka gyara root=, ka kuma ƙara rootwait, domin katin yakan ɗan makara kafin ya amsa.

Bari in riga ka zuwa shinge na gaba, tunda mai sara yakan ci karo da shi. In ka ga "Attempted to kill init!" da lamba mai ƙarewa da 4, duba CONFIG_VFP da CONFIG_NEON da CONFIG_AEABI. Manhajojin armhf, irin waɗanda ke cikin Armbian ɗinka, suna amfani da sashen lissafin ɓurɓushi na firosesa, kuma sai kanel ya san da sashen kafin su iya taɓa shi. Ka bar CONFIG_DEVTMPFS da CONFIG_DEVTMPFS_MOUNT a kunne. In kuma systemd ne ke tada tsarinka, kamar yadda yake a Armbian, yana buƙatar CONFIG_CGROUPS da wasu irinsa, kada ka taɓa su.

Yanzu mu koma gonar

A nan ne nake so ka ɓata lokacinka. Katinka na da gigabait 8 ko 16, kanel ɗin da sunxi_defconfig ke fitarwa kuwa 'yan megabait ne. Ko ka rage rabinsa, kawu ba zai ga bambanci a ruwan da ke zuba a fangalin albasa ba. Abin da zai gani shi ne na'urar da ta mutu da azahar a watan Afrilu.

Na taɓa kafa irin bod ɗinka a wata rijiya ta wajen Lagdo, cikin akwatin ƙarfe da aka ɗaure a ƙarƙashin farantan sola. Duk lokacin hunturu bai yi tari ba. Da bazara ta shigo sai ya riƙa ɗaukewa bayan azahar, sai mai gadin gonar ya cire wuta ya mayar da yamma. Na je da kwamfutata na zauna a gindin akwatin, murfin ba ya taɓuwa don zafi. Na karanta /sys/class/thermal/thermal_zone0/temp, lambar ta haura 90000, wato digiri 90 da ɗoriya, tana ta hawa. Taswirar H3 ta tanadi cewa a digiri 80 a fara rage gudun firosesa, a digiri 100 kuma a kashe na'ura. Matakin kashewa yana aiki, na rage gudu ne ba ya yi. Da na bi sawu sai na tarar tun wajen gini na cire CONFIG_REGULATOR_GPIO. A Orange Pi One, wutar firosesa tana sauyawa ne tsakanin bolt 1.1 da 1.3 ta wata ƙafa guda, kuma direban sauya gudu ba ya fara aiki sai ya sami mai sauya wutar. Zaɓi ɗaya ya jawo mini tafiya biyu a kan babur.

Saboda haka don zafinmu na arewa, inda a Maris da Afrilu digiri 40 a inuwa ba labari ba ne, ka tabbatar da waɗannan tare, domin sarƙa ce: CONFIG_THERMAL, CONFIG_SUN8I_THERMAL, CONFIG_NVMEM_SUNXI_SID wanda ke ba ma'aunin zafin gyaransa na masana'anta, CONFIG_CPU_THERMAL, CONFIG_CPU_FREQ, CONFIG_CPUFREQ_DT, da CONFIG_REGULATOR_GPIO. Tsarin gudu ka zaɓi schedutil ko ondemand, kada ka bar shi a performance. Aikin karanta famfo ba ya buƙatar gudu, ko ka ƙayyade masa iyaka ƙasa-ƙasa zai ishe shi.

Zafi shi ne na farko. Na biyu, mai gadin cikin na'ura, wato watchdog. A cikin H3 akwai wani ɗan agogo da idan aka kunna shi dole a riƙa taɓa shi a kai a kai, in aka daina sai ya sake tada na'urar. Direbansa CONFIG_SUNXI_WATCHDOG ne, ƙarƙashin CONFIG_WATCHDOG, kuma mafi tsawon jiran da yake yi daƙiƙa 16 ne. Kunna shi a kanel bai isa ba, sai ka sa wata manhaja tana taɓa shi. Systemd na yi ta RuntimeWatchdogSec, BusyBox, tarin ƙananan manhajoji na ƙananan na'urori, ma yana da nasa. Ka haɗa da CONFIG_PANIC_TIMEOUT ka ba shi kamar 10, don idan kanel ya rikice ya sake tashi da kansa. In ka bar shi a 0, zai tsaya cak yana jiran wanda zai zo daga Marwa.

Na uku, yankewar wuta. Na'urar da ke kan sola da batir mai rauni za ta riƙa mutuwa ba sallama, kuma in wuta ta yanke katin yana cikin rubutu, yana iya lalacewa. Ext4 na kare tsarin fayiloli gwargwado, amma ba ta da iko a kan abin da ke faruwa a cikin katin kansa. Abin da nake yi shi ne in sa ɓangaren katin da tsarin ke zaune ya zama na karantawa kawai da CONFIG_SQUASHFS, abubuwan wucin gadi su tafi RAM da CONFIG_TMPFS, in ana son a iya sauya wani abu a sama a sa CONFIG_OVERLAY_FS, bayanan famfo kuma su sami ɓangarensu daban a katin. Buildroot, manhajar haɗa ƙaramin Linux don irin waɗannan bod, na sauƙaƙa haɗa irin wannan tsari. Ba sai ka yi shi a makon farko ba, amma ka kunna zaɓuɓɓukan tun yanzu.

Na huɗu, lokaci. Bod ɗin ba shi da batirin agogo, don haka duk tashi yana iya ɗauka yana 1970. Bayanan da za ka tara za su rikice, kuma haɗin intanet mai tsaro zai ƙi, don takardun shaidar ba su dace da kwanan watan ba. In intanet na samuwa da wuri zai gyara kansa. In ba haka ba, ka sa ɗan agogo DS3231 a layin I2C, wanda ake jona ƙananan na'urori ta ƙafafun bod. Direbansa, duk da sunan, CONFIG_RTC_DRV_DS1307 ne, na layin kuma CONFIG_I2C_MV64XXX, sannan dole ka rubuta shi a taswira, ka kuma nuna wa CONFIG_RTC_HCTOSYS_DEVICE cewa daga shi za a ɗauki lokaci ba daga agogon cikin H3 ba.

Sai hanyoyin magana. Injinan famfon sola da yawa suna ba da bayani da yaren na'urori mai suna Modbus a kan layin waya na RS-485, kuma adaftan da za ka saya zai buƙaci ɗaya daga CONFIG_USB_SERIAL_CH341, CONFIG_USB_SERIAL_FTDI_SIO ko CONFIG_USB_SERIAL_CP210X. Modem ɗin da za ka sa wa layin waya kuma, wani yana fitowa kamar katin sadarwa ya nemi CONFIG_USB_NET_CDCETHER ko CONFIG_USB_NET_HUAWEI_CDC_NCM ko CONFIG_USB_NET_QMI_WWAN, wani kuma kamar siriyal ya nemi CONFIG_USB_SERIAL_OPTION da CONFIG_PPP. A nan ne m take da amfani. Ka gina su duka a matsayin modul, don ranar da modem ya ƙone aka sayo wani iri a kasuwa, kada sai an sake gina kanel. Ka dai tuna ka kwashe modul ɗin zuwa katin da make modules_install da INSTALL_MOD_PATH, kuma na ginin da kanel ɗin ya fito, domin na wani gini ba zai shiga ba.

Abin da za ka iya kashewa

Bayan duk wannan ya zauna, ka rage abin da babu shi a gonar: sauti, kyamara, hoto da HDMI in ba za a jona talabijin ba, Bluetooth, da direbobin sauran dangin Allwinner. CONFIG_HIGHMEM ba ya yi maka komai a RAM megabait 512, haka CONFIG_ARM_LPAE, wanda aka yi don RAM mai yawa. CONFIG_NR_CPUS ya tsaya a 4. Masu matsa kanel da CONFIG_CC_OPTIMIZE_FOR_SIZE da CONFIG_THUMB2_KERNEL da CONFIG_KERNEL_XZ suna da hujja, amma su masu na'urorin rarraba intanet ne da ke da ma'ajiyar megabait 8 ko 16 kacal. Kai ba ka cikin wannan ƙunci. CONFIG_PRINTK da CONFIG_KALLSYMS kuwa ka bar su ko wa ya ce maka suna cin wuri, da su ne za ka gane abin da ya faru ranar da abu ya lalace.

Yadda za ka yi ragin shi ne gungu ɗaya a lokaci guda: ka kashe, ka gina, ka tashi, ka duba saƙonnin kanel da umarnin dmesg, sannan ka ci gaba. A cikin menuconfig, maɓallin / yana nemo zaɓi da sunansa ya nuna maka abin da ya dogara a kai, shi ya sa gyara .config da hannu yakan wargaje, don in sharaɗin bai cika ba za a mayar da zaɓin yadda yake. Duk sanda ka sami gini mai kyau ka yi make savedefconfig ka adana ɗan fayil ɗin da kwanan wata. scripts/diffconfig zai nuna maka bambancin saiti biyu. Ka kuma kunna CONFIG_IKCONFIG da CONFIG_IKCONFIG_PROC, don bayan shekara biyu na'urar da kanta ta gaya maka yadda aka gina ta a /proc/config.gz.

Bod ɗinka ba ya gabana, shi ya sa na jera maka dalilai bisa yawan faruwarsu maimakon in nuna ɗaya. Sunayen da na kawo na H3 ne. In ka koma wani firosesa hanyar ɗaya ce amma sunayen za su canza. Akwai kuma abin da babu zaɓin kanel da zai gyara: katin memori na jabu, caja mai raunin da ba ta riƙe bolt 5 idan modem ya ja wuta, da akwatin da rana ke duka kai tsaye. Ka sa wa firosesa ɗan ƙarfen sanyaya, ka yi wa akwatin inuwa da ƙofar iska mai raga saboda ƙura.

Kafin ka kai shi gona, ka ajiye shi a ɗakinka mako guda yana aiki. Ka riƙa zare masa wuta ba zato, sau da yawa a rana, ka ga ko zai dawo da kansa ya ci gaba da turo bayani. Ka fitar da shi rana da tsakar azahar a cikin akwatinsa, kana karanta zafin kana duba ko gudun ya sauka. In ya tsaya a wani wuri, ka kwafo duk abin da ya fito ta siriyal tun daga layin farko na U-Boot, tare da fayil ɗin savedefconfig da layin umarnin kanel, ka turo mu duba tare. Ka gaishe mini da kawu.